Dutse Ko Ƙashi: Wanne Ya Fi Ba Da Labarin Mutanen Farko?

A kwazazzabon Olduvai da ke Tanzaniya, inda masaniyar tarihin mutanen farko Mary Leakey ta tono wani daɗaɗɗen ƙoƙon kai a 1959, masu bincike sun sami shaida iri biyu a wuri guda: duwatsun da aka fasa domin yanka, da ƙasusuwan dabbobi, dukkansu sun kai kimanin shekara miliyan 1.8.

Dutse yana da ƙarko, ba ya ruɓewa, shi ya sa kayan aikin dutse da aka samu a wani wuri mai suna Gona a ƙasar Habasha suka wanzu shekara miliyan 2.6. Yana nuna gwanintar hannu da nisan wurin da aka ɗauko shi, amma bai cika faɗin abin da aka yanka da shi ba.

A ganina, ƙashi ya fi bayani, duk da cewa yana saurin lalacewa. Idan aka duba ƙashin barewa da madubin ƙara girma, kaifin dutse yakan bar siririn zane mai zurfi, haƙorin kura kuwa faffaɗan rami yake bari. Inda zanen dutse ya hau kan sawun haƙori, alama ce cewa ragowar namun daji mutum ya tarar, wataƙila ya fasa ƙashin domin ya sha ɓargo.