Raba folda a ƙaramin ofis: a buɗe wa kowa, ko kowa da asusunsa?

A ofis mai kwamfuta uku ko huɗu, ba uwar garke (wato babbar kwamfutar da ke ajiye wa saura takardu), hanya biyu ake bi a Windows. Ta farko, a cire kalmar sirri a buɗe wa kowa. Ba wahala kam, amma duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinku, ko baƙo ne, zai iya leƙa takardun albashi, in an ba da izinin gyara har ya goge su.

Ta biyu, kowane ma'aikaci da asusunsa a kwamfutar da foldar take. Akawu ya gyara, saura su karanta kawai. Wanda ya bar aiki, a rufe nasa nan take. Tana cin lokaci, amma ita na fi yarda da ita. Ko wacce aka bi, a kashe SMB1, wato tsohon tsarin raba folda na Windows, ta nan muguwar manhajar WannaCry ta bazu a 2017.