GARGAƊI: Ejan bizar Ingila ya cinye min naira miliyan 6 da dubu 800

Jama'ar Zariya, ku yi hattara da wani mutum da ya buɗe ofis a saman bene wajajen PZ, wai yana samo wa mutane bizar aikin kula da tsofaffi a Ingila. Ɗan damfara ne. Miliyan 6 da dubu 800 ya ci min. Sunansa na riƙe tukuna saboda magana tana hannun hukuma, amma rasit da hotunan hirarmu ta WhatsApp suna nan, zan sako su ɗaya bayan ɗaya.

Kafin wani ya zo yana min wa'azin son banza, ni ba yaro ba ne. Ma'aikacin lafiya ne ni, kuma na yi bincike. Ba a intanet na tsinci mutumin nan ba, wani dattijo a unguwarmu, Tudun Wada, ya kai ni da ƙafarsa. Ranar da na kai kuɗin farko, miliyan 2, muna cikin magana aka kira La'asar, shi ya ja mu salla a cikin ofishin. Da muka idar ya ƙirga kuɗin a gabana, ya zaro dubu 20 ya miƙo min. Ya ce, “Ƙanena, kuɗin da ka ba ni sun yi yawa. Ni haram ba ta wuce maƙogwarona.” Dubu 20! Ku faɗa min tsakani da Allah, wa zai ga haka ya ƙi sakin jiki? Har yau in na kwanta hannunsa nake gani yana miƙo kuɗin nan, da carbi naɗe a wuyan hannun.

Filina na Ɗanmagaji na sayar na cika sauran. Ko kuwa a'a, kuɗin filin shi ne kashi na biyu, bayan Babbar Salla. Na ƙarshen, miliyan 1 da dubu 800, a watan Agustan 2025 na tura, da sarƙar matata a ciki. Nan ne abin ya fi ƙona min rai, don tun 22 ga Yulin 2025 Ingila ta daina ɗaukar masu wannan aikin daga ƙasashen waje. An riga an rufe ƙofa, shi kuma yana ce min “Ƙanena, saura ƙiris, ka fara sallamar 'yan uwa.” Na kuwa fara. Har surukina na je na yi wa bankwana a Wusasa.

Tun da azumi ejan ɗin ya ce da matata da yara za mu tafi. Ashe tun watan Maris na 2024 aka hana masu wannan bizar tafiya da iyali. Takardar da ya ba ni mai tambari, wai CoS, na tura wa abokin karatuna da ke aiki a Landan, ya ce min CoS lamba ce da kamfanin da ya ɗauke ka aiki yake fitarwa a na'ura, kuma dokarsu ta hana a karɓi kuɗinta a hannun ma'aikaci. Ya ce da na shigar da ta bogi an gano, shekara 10 za su iya hana ni shiga ƙasar.

Su ma Turawan ban wanke su ba. Yau su ce ku zo muna neman ma'aikata, gobe su canza doka, in suka hana ka biza kuɗinka ya tafi. A cikin wannan ruɗanin irin su wannan azzalumin suke cin kasuwarsu, don talaka a Zariya a ina zai ji an canza doka a Landan?

Yanzu ofishin a kulle yake da kwaɗo, an cire allon. Dattijon da ya kai ni ko ido ba ya iya haɗawa da ni a masallaci, ashe shi ma ɗansa ya biya.

Duk wanda ya ce ku sayi CoS ɓarawo ne. Sunayen kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar ma'aikata daga waje suna shafin gwamnatin Ingila, ku duba kafin ku ba kowa sisi. Wanda wannan mutumin ya taɓa cuta ya yi min magana, mu haɗu mu tafi EFCC a Kaduna.

Miliyan 6 da dubu 800. Wallahi ban yafe ba.