Allurar zafi na rawa, totur ba ya amsawa: wace na'ura za ka fara saya?

Idan tsohuwar mota ta haɗa matsala biyu, allurar zafi tana hawa da sauka ko ta kwanta ƙasa, ga shi kuma in ka taka totur sai ta yi nauyi, sau da yawa tushensu ɗaya ne. Ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, tana la'akari da zafin da senso (ɗan abin da ke auna zafin ruwan inji) ya gaya mata wajen auna man da za ta ba inji. In ya ce inji da sanyi alhali ya ɗau zafi, sai ta yi ta ɗura mai: fulogi ya yi baƙi, salansa ta yi hayaƙi, mota ta riƙa sarƙewa. Don haka kafin ka sayi fulogi ko famfon mai, sayi abin da zai nuna maka gaskiyar zafin. Uku ne a gabanka: sikana (na'urar da ke karanta bayanan ƙwaƙwalwar mota), mita (ta gwajin lantarki), da bindigar auna zafi.

Sikana ita ce gaba, matuƙar motar tana da soket ɗin OBD2, inda ake jona sikana, mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Motocin Amurka suna da shi tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001. Amma kar ka ɗauki wadda lambar matsala kawai take karantawa. Nemi mai nuna zafin ruwa kai tsaye yayin da inji ke aiki. Da safe, kafin ka tayar, kunna makulli ka kwatanta zafin ruwa da na iskar shiga inji. Bai kamata tazararsu ta wuce digiri biyu ko uku ba. In ka ga -40, waya ta tsinke ko senson ya mutu. Sai ka tayar ka zuba ido: lambar ta hau a hankali ta tsaya wajen digiri 85 zuwa 95.

Nan amfaninta yake fitowa, domin tsofaffin motoci da yawa senso biyu gare su, mai waya ɗaya na allura, mai waya biyu na ƙwaƙwalwa. Sikana ta tsaya a 90 allura na rawa? Laifin senson allura ne ko wayarsa, injinka lafiya lau. Allura daidai, sikana na cewa sanyi? Senson ƙwaƙwalwa ne, kuma shi ne ya kashe maka totur. Dukansu sun maƙale a 60 ko 70 a kan babbar hanya, wataƙila har da lambar matsala P0128? Tamostat, bawul ɗin da ke tare ruwa zuwa lagireto har sai inji ya ɗau zafi, ya tsaya a buɗe ko an cire shi. In kuwa tare suke tsalle, ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga tiyo. In duk biyun suka haura 105 suna ci gaba, kashe inji, kuma kar ka taɓa murfin lagireto sai ya huce.

Mita ta isa ga motar da ta girmi OBD2: senso mai lafiya yakan ba da om (ma'aunin juriyar lantarki) 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ya sauko wajen 300 a digiri 80. Sai dai ba ta kama matsalar da sai ana tafiya take bayyana. Bindiga kuwa fatar tiyo take aunawa, ba abin da ƙwaƙwalwa ke ji ba.

Babban abin tsoro shi ne jabu. Ƙananan sikanonin da ke haɗuwa da wayar hannu, masu ɗauke da sunan ELM327, galibinsu kwaikwayo ne. Kamfanin da ya ƙera na asali bai taɓa fitar da samfuri mai lamba 1.5 ba, amma ga su nan birjik. Wasu suna aiki, wasu sun kasa magana da tsofaffin motoci, sai ka zargi ƙwaƙwalwar da ba ta da laifi. Gwada ta a motarka kafin ka biya, ka ga zafin ruwa ya fito yana motsi.

Senson jabu ya fi wannan ɓarna, domin sabo ne fil amma yana ƙarya da digiri goma ko fiye. Auna shi da mita kafin a ɗaura. Tamostat kuma duba lambar da aka buga a jikinsa, 82 ko 88 yadda motar ta nema, ka rataye shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta: ya fara buɗewa a wannan zafin, ya rufe ruf in ruwan ya huce. Kuma duk wanda ya ce a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, ɓoye ciwon zai yi. Inji zai zauna da sanyi, mai ya riƙa wanke bangon silinda yana gangarawa cikin baƙin mai, totur kuma ya ci gaba da nauyinsa.