Barin nama a makaranta: a yanke gaba ɗaya ko a rage?

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari sai da gari ya waye na samu natsuwa. Ga waɗanda saƙon ya wuce su: ƙanwarmu tana aji biyu a jami'a, ta ce ta yi ta kallon bidiyon Turawan da suka daina cin nama saboda tausayin dabbobi da neman lafiya, tana so ta gwada na zango ɗaya. Tambayarta kashi biyu ce. Ta yanke duk abin da ya fito daga dabba, har ƙwai da nono, ko nama kawai za ta ajiye? Sannan wajen cefane, kasuwa ko babban kanti, wanne ya fi kusa da adalci?

Na ga wasu sun amsa da dariya, wai ɗalibi yaushe ya ga naman da har zai bari. Dariyar da gaskiya a cikinta. Wadda take rayuwa da Naira 20,000 ɗin da NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai rancen karatu, ke bayarwa a wata, ko abin da Baba ya turo, ta san garau-garau da ɗanwake da ƙosai sun fi tsire zuwa ɗakinta. Amma tambayar ba ta wasa ba ce, ni ma na yi wannan gwajin ina aji uku, kuma duka hanyoyin biyu na bi, ɗaya bayan ɗaya: ta farko yanke duk abin da ya fito daga dabba, ta biyu ajiye nama kawai.

Bari in fara da aljihu, don nan ne maganar ta fi gajarta. Duk hanyoyin biyu sun fi sayen nama sauƙi, muddin kayan gida za ki ci: wake, waken suya, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, zogale. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, saboda haka ba baƙon abu muke nema ba. Inda hanyar farko take cin kuɗi shi ne in kika ce sai kin kwaikwayi abin da kika gani a bidiyo: madarar almon ta kwali, waken gwangwani, 'ya'yan itatuwan da aka ɗauko a jirgi. Kwali ɗaya na irin wannan madarar zai iya cinye kuɗin kwanon waken suya, wanda za ki yi ta tatsar madararsa har ki gaji.

Jiki kuma shi ne inda hanyoyin suka rabu da gaske, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Abin da kowa ke fara tsoro shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, alhali shi ne mafi sauƙin warwarewa. Babban mutum na buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan kina da kilo 60, kusan giram 48 ke nan. Busasshen wake giram 100 na ɗauke da wajen giram 24, gyaɗa wajen 25, waken suya wajen 36, ɗanyen jan nama wajen 20, ƙwai ɗaya kuma 6. Kada lissafin ya ruɗe ki dai: wake in ya dahu ya sha ruwa, giram 100 na dafaffe bai wuce ya ba ki 8 ba, don haka sai kin cika faranti, ba ɗan yayyafi a kan shinkafa ba. Kuma haɗin da iyayenmu suka saba, shinkafa da wake, ko kunu da ƙosai, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, haɗi ne mai hikima, domin abin da hatsi ya rasa wake na cike shi. A nan duka hanyoyin biyu sun ci jarrabawa.

Sinadarin ƙarfe da ke gina jini ya fi wuya, musamman gare mu mata. Macen da ke al'ada tana buƙatar kusan miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8. Akwai shi a wake da zogale da alayyahu da rama, amma jiki ba ya zuƙarsa daga ganye yadda yake zuƙa daga nama. Dabarar ita ce ki haɗa da abu mai bitamin C, lemon tsami a kan kwaɗo, ɗanyen tumatir a kan garau-garau, gwaba ko lemo bayan abinci. Ki kuma raba shayi da lokacin cin abinci, domin ganyen shayi na tare hanyarsa. Ni na koyi wannan ne bayan na sha wuya. Sati biyun farko da na yanke komai, abin da na yi kawai shi ne cire nama da ƙwai, na bar gurbinsu babu kowa. Indomie da safe, burodi da baƙin shayi da dare. Ranar wata Talata na miƙe daga lakca mai awa biyu sai na ga allo ya yi duhu, na dafa benci na koma na zauna. Ƙawata ta kalle ni ta ce, "Ke dai yunwa ce kika sa wa suna." Ba ta yi ƙarya ba. Rashin tsari ne ya kayar da ni, nama bai da laifi.

Sai bitamin B12, wanda shi ne ya raba gardama a wurina. Ba a samun sa a wake ko ganye ko gyaɗa, sai a nama, kifi, ƙwai, nono, ko ƙwayar magani, ko abincin da aka zuba masa shi a masana'anta. Abin da ake buƙata kaɗan ne, maikrogiram 2.4 a rana, kuma hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa zango ɗaya ba zai nuna miki komai ba. Amma wanda ya ɗore a haka ba ya shan ƙwayar, ƙarshensa ƙarancin jini da mutuwar yatsu da kasala. Baturiyar da kike kallo tana da madara da hatsin kari da aka ƙara wa B12 a kowane kanti na unguwarsu, ga ƙwayar a kan teburinta, ko da ba ta nuna a bidiyo ba. Ke kuwa in kin riƙe ƙwai da nono, kin rufe wannan ƙofar da fura da nono na yamma da ƙwai ɗaya a wajen mai shayi. Idan kuma kin nace sai hanyar farko, to ki je kemis ki sayi ƙwayar tun ranar farko. Wadda ke da sikila, ko juna biyu, ko ta san jininta na yawan yin ƙasa, ta ga likita kafin ta taɓa komai.

Akwai kuma lokaci da gas, abin da bidiyo ba ya faɗa. Wake na cin wuta. Ni bokitin fenti na samu na wanke, kullum da dare sai in zuba gwangwani biyu na wake in cika ruwa in tura ƙarƙashin gado. Da safe an rage rabin dahuwa, kuma zubar da ruwan jiƙon na rage kumburin ciki. Ranar da na manta shi kwana biyu kuwa, sai da 'yan ɗaki suka yi mini taro. Hanyar farko tana neman girki kusan kullum, domin abincin sayarwa a makaranta da wuya ki samu wanda ba romon nama ko dunƙulen ɗanɗanon kaza a ciki. Daddawa ce ta cece ni a nan, ita ke ba miyar kuka ƙamshin da ba za ki nemi nama ba. A lokacin jarrabawa kuwa, dafaffen ƙwai minti goma ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa hanya ta biyu ta fi dacewa da ɗaliba.

Yanzu mutane. Na je gida hutun tsakiyar zango, Umma ta yanka kaza saboda ni, ta ajiye mini cinya a ƙaramin kwano ta rufe. Na ce na daina cin nama. Ta ajiye ludayi ta dube ni, ta ce, "Ba ki da lafiya ne, ko wata ƙungiya kika shiga a makarantar?" Har yau in na tuna fuskarta sai in ji kunya. A wurinmu nama karramawa ne: naman suna, naman layya, kazar baƙo. Nama halal ne, barin sa don ra'ayi ba laifi, amma ba a mayar da shi haram, ba a kuma yi wa masu ci kallon marasa tausayi. Rage shi kuwa yana da tushe a gidanmu, don an ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyadina Umar ya gargaɗi mutane kan yawan cin nama, ya ce yana kama mutum irin kamun giya. Tun daga ranar na sauya doka: tukunyata ba nama, amma abin da aka miƙo mini a gidan mutane ina ci, in yi godiya.

Batun tausayin dabbobi da muhalli, ki raba abin da ya shafe mu da wanda bai shafe mu ba. Gaskiya ne hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2013 cewa kiwo na fitar da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya. Gaskiya ne a Brazil ana sare dajin Amazon don kiwon shanu, kuma mafi yawan waken suyan duniya dabbobi ake ba wa. Amma akuyar da Inna ke kiwo a bayan ɗaki da dusa da harawa ba ta cikin wannan labarin, ita ce asusun Inna. Abin da ya kamata ya dame mu yana kan hanya: shanun da ake lodawa a tirela daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000 a cunkushe cikin rana, da kajin da ake ɗaurewa a bayan babur kai a ƙasa, da gandar da wasu ke babbaka da taya. Annabi (SAW) ya yi umarni a kyautata yanka, a wasa wuƙa, a hutar da dabba. Wanda ya rage nama don ba ya son kuɗinsa ya shiga irin wannan wulaƙancin, na fahimce shi sarai. Wanda kuma ya daina sayen nono, Bafulatanar da ta tako da ƙwarya tun daga ruga ita ya hukunta, ba wani kamfani ba.

Kasuwa ko kanti kuwa, ni kasuwa nake zaɓa, amma da ido biyu. Kanti ya fi tsabta a ido, ga kwanan wata a jikin kaya, kuma ba a rage miki mudu. Kasuwa ta fi arha, kuɗinki kuma ya fi kusa da hannun wanda ya noma. Sai dai kayan kasuwa ma da nasu aibin. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa, kuma irin waken da aka ƙi a can shi ne a kasuwanninmu. Ki ɗebo ki shinshina, in kin ji warin magani ki ajiye. Waken da ke da 'yan huji nan da can ya fi mini wanda ya yi sumul yana wari. Ki tambayi mai awo ko a buhun PICS yake ajiya, wato mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari da rashin iska, ba da guba ba. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuma ki guji mai ɗaci ko mai fumfuna, domin fumfunar gyaɗa na illa ga hanta. Awara ki leƙa kaskon, in man ya yi baƙi ƙirin ki sayi farar da ba a soya ba, ki yanka a miya ko ki soya da kanki. Ki tafi da kwanonki, a daina ɗaure miki abu mai zafi a leda.

Abu ɗaya da na lura da shi a kaina: a kanti duk abin da aka manna a jikin kaya sai in biya ban ce uffan ba, amma tsohuwa mai zogale sai na tsaya ina ja da ita a kan Naira 50. Tun da na gane haka na daina taya kayan da ba su kai kuɗin mota ba.

To ƙanwata, in ni ce ke, hanya ta biyu zan ɗauka. Nama ya fita daga cefane, ƙwai uku ko huɗu a sati, fura da nono in an samu, busasshen kifi in jiki ya nema, wake ko awara kullum, ganye da lemon tsami a gefe. Ki yi sati shida a haka ki ga yadda kike tashi da safe da yadda kike zama a lakca, sannan ki yanke ko za ki ƙara gaba. Zangon naki ma zai ratsa Babbar Sallah in kin ɗore, don haka ki sanar da Umma tun yanzu cewa kasonki na soye yana nan, kada ta raba wa ƙannenki.