Zuciya ko ƙoda: wanne likitan Gusau zai ɗauka?

Likitan da ya ci jarrabawar kashi na ɗaya a horon ƙwarewa kan cututtukan ciki, sai ya zaɓi reshe. Masu hangen reshen zuciya suna da hujja: hawan jini ya cika asibitoci, ga matan da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa, kuma da na'urar hoton zuciya ɗaya aiki ya kankama.

Ƙoda kuwa sai mai haƙuri. Wankin ƙoda sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, yana son tsaftataccen ruwa da wutar da ba ta ɗaukewa, majinyaci kuma har gona yakan sayar. Amma dalma tana lalata ƙoda, mu kuwa mun ga gubarta a Anka da Bukkuyum a 2010. Ni dai wajen ƙoda na karkata.