Sharhi kan WhatsApp a lokacin da manya suka samu saɓani

Manhajar WhatsApp, wadda Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009 kuma kamfanin Facebook ya saye ta a 2014, tana isar da saƙo cikin sauri da sauƙi, kuma a wannan fanni ba ni da ƙorafi a kanta. Abin da na auna shi ne halinta a hannun mutum biyu masu hankali, miji da mata ko aminai ko 'yan uwa, a ranar da rai ya ɓaci. A wannan ma'auni sakamakonta bai kai yadda nake fata ba, domin ta sauƙaƙa wa babba ya yi irin abin da yara ke yi idan sun yi faɗa, wato gaba da habaici da fita cikin fushi.

Matsalar ta fara ne daga shuɗin alamar nan guda biyu da aka ƙara a 2014, wadda ke nuna cewa an karanta saƙo. Kafin zuwanta, wanda bai samu amsa ba yana iya kyautata zato ya ce ba a gani ba. Yanzu kuwa mai fushi yana buɗe saƙon da gangan, ya bar shi ba amsa, don ɗayan ya san cewa an gani kuma an yi kunnen uwar shegu da shi. Ana iya kashe alamar, amma wanda ya kashe ta shi ma ba zai ga ta wasu ba, kuma a cikin zaure na mutane da yawa ba a iya kashe ta ko kaɗan. Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, John Gottman, wanda ya daɗe yana nazarin ma'aurata, ya sanya irin wannan shiru na ƙin kulawa cikin halaye huɗu da ke rusa aure, tare da suka da raini da kare kai.

Sashen sitatus, wanda ya zo a 2017, shi ne ya fi damuna. Rubutu ne da ke ɓacewa bayan awa 24, kuma mai shi yana ganin sunan duk wanda ya leƙa, in ban da wanda ya kashe shuɗin alamar. Waɗannan abubuwa biyu sun mai da shi dandalin gugar zana: mutum mai 'ya'ya da furfura zai ɗora magana kan butulci ko munafunci ba tare da kama suna ba, sannan ya riƙa duba jerin masu kallo har sai ya ga sunan wanda ya nufa. Idan aka tambaye shi sai ya ce ba da kowa yake ba. Ciwon ya isa inda aka aika shi, amma ba a buɗe ƙofar tattaunawa ba, kuma mutane da yawa da ba ruwansu sun zama 'yan kallo.

Toshe lamba yana da muhimmanci ƙwarai ga wanda ake tsangwama ko yi wa barazana, kuma daidai ne da manhajar ba ta sanar da wanda aka toshe. Sai dai sauƙinsa ya sa wasu na toshewa da safe su buɗe da yamma. Goge saƙo ga kowa shi ma yana barin shaidar cewa an goge wani abu, wanda sau da yawa ya fi maganar da aka goge tayar da hankali.

Akwai gyare-gyaren da suka cancanci yabo. Tun daga ƙarshen 2021 mutum na iya sauraron saƙon muryarsa kafin ya aika, kuma wanda ya ji yadda muryarsa take cikin fushi yakan fasa. A 2022 aka ba da damar fita daga zaure ba tare da an sanar da kowa ba sai masu kula da shi, abin da ya rage armashin fita don a lallashi mutum ya dawo. A 2023 kuma aka ƙara damar gyara saƙo cikin minti 15 da aikawa.

Wanda na fi ba da shawarar a yi amfani da shi shi ne rufe sautin hira, na awa takwas ko mako guda. Gottman ya ba da shawarar cewa idan zuciya ta hau, a dakata na aƙalla minti 20 kafin a ci gaba da magana, amma da sharaɗin a gaya wa abokin magana cewa za a dawo. Manhajar ta tanadi hanyar dakatawar, sai dai ba ta tanadi sanarwar ba, don haka wajibi ne mai amfani da ita ya rubuta da hannunsa cewa ransa a ɓace yake kuma zai kira da dare.