Masu gajerun finafinai a Kaduna, ku yi hattara: an ci min naira 350,000

Wallahi ban so yin wannan rubutun ba, kunya nake ji. Amma kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Naira 350,000. Kuɗin da na tara daga ɗaukar bidiyon biki, har da 80,000 da yayata ta ranta min daga adashinta.

Fim ɗina minti 14 ne, a kan wani ɗan ga-ruwa, a Rigasa muka ɗauka cikin kwana huɗu. Mutumin da ya ci kuɗin ya ce shi aikinsa ke nan, kai gajerun finafinai bukukuwan baje kolin fim. Zai yanka min tallar fim ta daƙiƙa 45, tirela dai, ba ta ɗaukar siminti ba, ya sa fassarar Turanci da Faransanci, ya tura AFRIFF a Legas da Zuma a Abuja da FESPACO a Wagadugu.

Kuma kada wani ya zo yana ce min wawa. Ba a Facebook kawai muka haɗu ba. Zama muka yi da shi a wani gidan abinci a Unguwar Rimi, ya buɗe kwamfutarsa ya kalli fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, bai taɓa wayarsa ba. Da aka zo wurin da yaron ya ajiye kura ya zauna a bakin kwata, sai ya tsayar, ya cire tabarau, ya ce, "Darakta, wannan wurin shi zai kai ka Faransa." Darakta fa! Ba wanda ya taɓa kirana haka. Har yanzu ina ganin yadda ya cire tabaran nan. Shi ya biya kuɗin abincin ma. Ya san FESPACO duk bayan shekara biyu ake yinsa, ya san bikin gajerun finafinai na Clermont-Ferrand a Faransa, ya san gajeren fim a gasar Cannes ba ya wuce minti 15, har ya ce na tsallake da minti ɗaya. Wa zai ji wannan ya yi zargi?

150,000 na fara turawa, na tirela da fosta. A'a, kafin nan ma akwai 120,000 da ya ce kuɗin rajista ne da dala, wai dala ta tashi a biya yau-yau. Ina tsaye a wurin mai POS a Kawo lokacin, ana shirin magariba. Sai 80,000 ɗin yayata, wai na fassara. Ku haɗa: 350,000.

Tirelar da ya turo, wallahi ƙanina zai yi wadda ta fi ta a waya. Farkon fim ɗin kawai ya gutsure ya ɗora kiɗan da ba nawa ba. Sannan ya turo fosta da tambarin ganyen nan da ake sa wa fim idan an zaɓe shi. Ni kuma na sa a status, 'yan uwa suna ta barka, har kawuna ya kira daga Zariya. Wannan ya fi kuɗin ci min rai.

Wani abokina ne ya ce in nuna masa saƙon da FilmFreeway, shafin intanet da ake bi a tura fim bukukuwa, ke turowa idan an shigar da fim. Babu. Ashe buɗe shafi a can kyauta ne, da kanka za ka tura, wasu bukukuwan ma ba sa karɓar ko sisi. Na duba jerin finafinan da aka zaɓa, babu nawa. Ashe bai tura ko'ina ba. Abin da ya ƙara ƙona min rai, ya ɗora fim ɗin gaba ɗaya a wani shafin YouTube, alhali akwai bukukuwan da ba sa karɓar fim ɗin da ya riga ya fita a intanet.

Na kira, ya ce "Darakta, ka yi haƙuri, ina hanyar Abuja." Washegari layi a kashe. Ofishin da ya ce yana da shi a Ahmadu Bello Way, shagon gyaran waya na tarar.

Ku tura fim ɗinku da hannunku, kuma kada ku ba kowa cikakken fayil.

Rasit uku da hirarmu ta WhatsApp duk suna nan, zan ɗora su da daddare idan an kawo wuta. Yayata har yanzu ba ta sani ba, kuma ƙarshen wata ne kwasarta.